Ciwo a Ƙashi, Yanka a Wuya

Ranar ƙaramar salla aka haifi Tasalla, a wata ruga da ke gindin duwatsun Roni, kuma sunan ranar ne ya bi ta har na yanka ya ɓace. Iyayenta makiyaya ne da suka daɗe da zama wuri guda, ga kiwo ga noma, a gida a yi Fillanci, a kasuwa a yi Hausa. Ta tashi doguwa, miƙaƙƙiya, mai dogon wuya. Tun tana budurwa take jera ƙoren nono a ka, ƙwarya kan ƙwarya, ta gangaro daga tudu hannayenta a sake, ba ta taɓa ɓarar da ko ludayi guda ba.

A kasuwar Gwiwa Lado ya gan ta. Shi manomi ne, yana kuma taɓa dillancin dabbobi idan damina ta wuce. Aka yi aure, ta tare a wani ƙauye kusa da Gwiwa, ta ci gaba da fura da nono daga 'yan shanun da aka ba ta a gida. Allah ya ba su 'ya'ya, wasu suka koma, saura suka rayu. Na farin shi ne Jalaluddeen, wanda bisa al'adar gidansu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye sai dole. Idan za ta ambace shi sai ta ce "wancan na Kazaure", domin da ya gama karatu can ya sami aiki a ofishin ƙaramar hukuma, can ya yi aure ya zauna. Autarta kuwa Saude ce, ita ce 'yar hirarta.

Abin da ya sa aka san Tasalla har wajen ƙauyensu shi ne guɗa. A bikin ƙanwar mijinta ta fara, da maguɗiyar da aka gayyata ba ta zo ba. Ta toshe hanci ta rangaɗa guda ɗaya, mutanen da ke bakin rijiya suka ajiye guga suka juyo. Daga nan ba a ɗaukar amarya a yankin sai an aiko mata da goro. Har daga Roni ake zuwa da babur a ɗauke ta, wani lokaci har daga Kanya Babba, wajen dangin uwar mijinta. Ba mace ce mai yawan magana ba, kuma ko a gidan biki gefe take zama, sai lokacin ya yi ta miƙe ta yi abin da ya kawo ta, ta koma ta zauna.

Ta haura hamsin, al'ada ta ɗauke mata, sannan jikinta ya fara canzawa. Ƙishirwa ce ta fara zuwa. Ta sha ruwa kamar raƙumi, ta yini tana zagawa bayan gida. Jalaluddeen ya yi zaton ciwon suga ne, ya sa aka gwada ta a ɗakin shan magani na kusa, aka ce babu. Sai ciwon ƙwauri da na baya, irin mai nuƙurƙusa, wanda ba ya sa mutum kuka amma ba ya barinsa ya manta da shi. Wannan ba ta gaya wa kowa ba. A gidan da ta tashi, mace ba ta cewa wayyo ko a kan gwiwa, balle don ƙafa na mata tsami. Ta dai daina zuwa kasuwa da ƙafa, ta ce ƙoren sun yi mata yawa.

Lado ne ya lura halinta ya sauya. Matar da ba ta da faɗa ta koma mai tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta sa gishiri a miya sau biyu, ta ajiye muciya ta yi ta nema alhali tana hannunta. Wata rana da damina ciwo ya murɗe ta a kwiɓi har ta durƙusa a tsakar gida, bayan kwana biyu ta fitar da wata 'yar tsakuwa a fitsari. Ta nuna wa Saude, suka yi ta juya ta a tafin hannu, ba wadda ta san ma'anarta. Mata suka ce sanyi ne ya shige ta, aka kawo saiwoyi aka dafa. Lado ya karɓo rubutu. Ta sha duka ba musu. A cikin waɗannan shekarun zanenta ya fara jan ƙasa, tana ƙara naɗe shi a ƙugu, har wata rana ta tsaya kusa da Saude ta ga yarinyar da a da take kallon tsakar kanta yanzu kafaɗarsu ɗaya.

Karayar farko a tsintsiyar hannu ce. Ba faɗuwa ta yi ba, dafa ƙasa kawai ta yi za ta tashi daga tabarma, ta ji ƙas. Aka kira Daudu mai ɗori, dattijon da ya gaji sana'ar a wurin ubansa, wanda duk wanda ya faɗo daga babur ko saniya ta ture shi a yankin wurinsa ake kai shi. Ya ja, ya daidaita, ya ɗaura kara. Hannun ya kama, amma sai da ya ɗauki ninkin lokacin da Daudu ya saba gani, kuma ya kama a ɗan karkace.

Shekara ba ta zagayo ba cinya ta bi. Tana tsaye a bakin murhu ta juya za ta ɗauki tulu, ƙafar ta lanƙwashe a ƙarƙashinta. Wannan karon ta yi ƙara, kuma maƙwabta sun ce ba su taɓa jin muryarta a irin wannan hali ba. Daudu ya zo ya tsuguna, ya lalubi cinyar a hankali. Sannan ya fita zaure ya kira Lado. Ya ce masa shi ya sha ɗora ƙashin tsofaffi da suka girme ta nesa ba kusa ba, amma bai taɓa jin wanda ya yi laushi a hannu kamar wannan ba, yana tsoron idan ya ja wani wurin zai sake karyewa. Ya ɗaure ƙafar don kada ta motsa a hanya, ya ce a kai ta asibiti.

Jalaluddeen ya zo da mota ya kai ta Kazaure. Aka ɗauki hoton ƙashi. Likitan ya ɗaga hoton a taga ya nuna masa: inda ya kamata ƙashi ya fito fari tas, nata ya fito dishi-dishi kamar tsohon mayafi, ga wasu ramuka a ciki. Ya ce wannan ba karaya ce kawai ba, akwai abin da ke cin ƙashin, ya tura su babban asibiti a Kano. Lado ya sayar da bijimi biyu ya bi su. Saude ce ta zauna jinya.

A Kano aka ɗebi jini, aka sake ɗiba, aka shafa mata wani abu mai sanyi a wuya aka yi ta goga na'ura. Tasalla tana kwance tana kallon su, tana ganin kamar sun ɓata hanya. Ranar da sakamako ya kammala, wata likita mai suna Halima Sa'adiyya ta jawo kujera ta zauna kusa da gadon. Mace ce mai matsakaicin shekaru, 'yar Babura, don haka ta gaishe da Tasalla yadda ake gaida uwa, ta tambayi mutanen gida. Sannan ta ce an gano ciwon, kuma maganinsa aiki ne da za a yi a wuya.

Tasalla ta dube ta, ta dubi ƙafarta da ke ɗaure. Ta ce, "'Yar nan, cinyata ce ta karye. Me wuyana ya yi?"

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce ƙashi ba kamar dutse yake ba, abu ne mai rai, kuma tun daga haihuwa har mutuwa ana rushe shi ana sake gina shi kaɗan-kaɗan ba tare da mutum ya ji ba. A jikinsa akwai wasu ƙwayoyin halitta ƙanana da ido ba ya gani, iri biyu. Iri ɗaya aikinsu su lafe a kan tsohon ƙashi su narkar da shi, su bar ɗan rami. Ɗaya irin su biyo baya su cike ramin da sabo, sannan wani sinadari da ake kira kalsiyam ya zauna a kai ya taurara shi. Muddin abin da aka rushe daidai yake da abin da aka mayar, ƙashi lafiya lau yake.

Shi wannan kalsiyam, in ji ta, ba ƙashi kaɗai ke bukatarsa ba. Zuciya da jijiyoyi ba sa aiki sai da shi a cikin jini, ba yawa ba kaɗan ba, kuma ƙashi ne rumbunsa. Masu kula da ma'aunin wasu 'yan ƙulli ne guda huɗu a wuya, bayan maƙoshi, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba. Idan kalsiyam ya yi ƙasa a jini sai su saki wani sinadari mai kai saƙo, saƙon ya isa ƙashi, masu rushewa su ƙaru, a ɗebo daga rumbu. Idan jini ya ƙoshi sai su yi shiru. To, a wuyan Tasalla ɗaya daga cikin huɗun ya kumbura ya daina jin an ƙoshi. Shekara da shekaru yana aika saƙo ba dare ba rana, ana ta kwasa daga ƙashinta ana zubawa a jini, ƙoda tana ta fama da fitar da shi. Ƙishirwar ke nan, tsakuwar ke nan, mantuwar da faɗan ma ke nan. Ɗaukewar al'ada ta ƙara wa abin gudu, domin sinadarin da ke jikin mace mai haihuwa yana taka wa masu rushewa birki.

Tasalla ta saurara har ƙarshe. Sai likitar ta ƙara da abin da dole ta faɗa: jijiyar da ke motsa murya ta bi ta gefen wurin da za a yi aikin. Yawanci ba a taɓa ta, amma ƙullin nata babba ne, kuma ba wanda zai yi mata rantsuwa cewa muryarta za ta fito yadda ta shiga.

Saude ce ta gaya wa likitar ko wace ce uwarta a gidajen biki. Tasalla kuwa ta juya fuska bango, ta ce a gyara mata ƙafa a mai da ita gida.

Kwanaki aka yi a haka. Lado ya zauna a gefen gado yana jan carbi, ya ce shi ba zai tilasta mata ba, wuyanta ne. Jalaluddeen yana zuwa daga Kazaure duk bayan kwana biyu, ya tsaya a bakin ƙofa ya aika Saude da magana, Saude ta dawo masa da shiru. Rannan ya gaji, ya shigo ya durƙusa dab da gadon, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri ki dube ni. In aka sa ƙarfe a ƙafar nan ba a cire abin wuyan ba, wata ƙafar ce za ta karye." Ba ta dube shi ba. Da ya fita ta ce wa Saude wancan na Kazaure ya fara rashin kunya.

Amma washegari da likitar ta zo zagaye, Tasalla ta tambaye ta abin da zai faru idan aka bar shi. Likitar ta gaya mata ba ɓoye-ɓoye: haƙarƙari zai bi, ƙashin baya zai ci gaba da durƙushewa, ƙoda za ta gaji, kuma da wuya ta sake tsayawa da ƙafarta. Tasalla ta dubi Saude. Tun da aka kwantar da ita Saude ce ke ɗaga ta, ita ke sa mata fo, ita ke wanke ta, kuma wannan ya fi karayar yi mata ciwo. Ta lissafa shekarun da za ta iya yi a haka, yarinyar tana ɗauke da ita maimakon ta tafi ɗakin mijinta. Ta ce, "A yanka."

Aikin bai daɗe ba. Da ta farfaɗo aka nuna mata abin a cikin 'yar kwalba, ja-ja, bai fi ƙwallon dabino ba. Ta daɗe tana kallonsa. Ta so ta yi magana, sai iska kawai ta fito.

Kwana biyu bayan nan wani sabon abu ya taso. Leɓɓanta suka fara yi mata kamar kiyashi na yawo a kai, yatsunta suka naɗe suka ƙandare, ta kasa buɗe hannu. Saude ta ruga ta kira ma'aikatan jinya. Aka zo aka rataya ƙarin ruwa mai kalsiyam, cikin ɗan lokaci yatsun suka saki. Likitar ta ce sun san za a yi haka, kuma alama ce mai kyau ko da yake tana da haɗari idan ba a kula ba. Saƙon rushewa ya tsaya cak, masu gini kuwa sun sami fili, ga ramukan shekaru a gabansu, sai suka shiga zuƙe kalsiyam daga jini da sauri fiye da yadda ake mayarwa. Sauran ƙulli ukun kuma sun daɗe suna barci, sai a hankali za su farka su karɓi aiki. Ta ce ƙashin yunwa yake ji, za a yi ta ciyar da shi wata da watanni: ƙwayoyi safe da yamma, zama a hantsi, da nono kullum. Jin an rubuta mata nono a matsayin magani ya sa Tasalla murmushi, karo na farko tun zuwansu Kano.

Da jini ya daidaita aka sa mata ƙarfe a cinya. Ta koyi tsayuwa da abin dogarawa mai ƙafa huɗu, daga nan sanda biyu. Aka sallame su, ta yi wata uku a gidan ɗanta a Kazaure, a ɗakin da ke kallon dutse, sannan ta ce shanunta sun manta da ita, aka mai da ita gida.

Murya ta dawo a hankali. Da fari raɗa ce, sai ta zama dasasshiya, daga baya ta washe ta zauna a ƙasa-ƙasa, kamar ta wata mace dabam. Magana ba ta gagare ta ba, karatun salla ma haka. Guɗa ce dai ba ta dawo ba. Sau ɗaya ta gwada, a bayan gida wajen turken shanu, inda take ganin ba kowa. Muryar ta hau rabi ta tsinke. Ba ta sake ba, kuma da aka aiko mata da goron bikin farko bayan dawowarta, ta karɓa ta sa albarka, ta ce a nemi matar Sama'ilu mai shayi, tana da maƙogwaro, sai dai tana saurin yankewa.

Sauran abubuwan kuwa suka gyaru fiye da yadda aka zata. Ƙishirwar ta tafi tun a asibiti. Mantuwa ta ragu, faɗan ya kwanta, har Lado ya ce wa abokansa a kasuwa ashe shekarun nan duk da baƙuwa yake zaune bai sani ba. Da aka sake ɗaukar hoto bayan shekara, ƙashin ya fito da haske, ramukan sun fara cikewa. Tsawon da ta rasa bai dawo ba, likitar ta ce ƙashin bayan da ya riga ya durƙushe ba ya miƙewa. Ta yar da sanda ɗaya, ta riƙe ɗaya. Aka yi bikin Saude da kaka.

Labarin matar da aka yanka wa wuya ƙafarta ta warke ya zaga ƙauyuka. Tsofaffin mata masu ciwon baya suka riƙa zuwa suna duba tabon, siriri a cikin lanƙwasar wuya, suna tambayar ko su ma abin da ke damunsu ke nan. Tasalla ba ta taɓa ce wa kowa e ko a'a ba, sai ta ce jini ne ke faɗa, a je a gwada. Maƙwabciyarta Shatu, wadda bayanta ya rusuna har ba ta ganin gabanta sai ta ɗaga kai, ta matsa wa 'ya'yanta sai da suka kai ta. Aka gwada aka ce wuyanta lafiya ƙalau, nata na shekaru ne: tun da al'ada ta ɗauke masu rushewa suka ɗan fi masu gini sauri, kaɗan-kaɗan har abin ya taru. Aka ba ta ƙwayoyin da ke rage musu hanzari, aka ce ta kiyayi faɗuwa. Shatu ta dawo ranta a ɓace, tana cewa an yi mata rowar aiki don ba ta da ɗa a ofis. Ta yi kusan wata ba ta shiga gidan Tasalla ba, sannan ta dawo don kanta, domin a nan ne kaɗai ake samun mai sauraron ciwon bayanta ba a katse ta ba.

Lado ya rasu shekaru kaɗan bayan haka, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Da ta fita takaba Jalaluddeen ya aiko a gaya mata ya gyara mata ɗaki a Kazaure, kusa da asibiti. Ta aika masa cewa ta gode, idan ta tsufa za ta zo. Ɗan'uwan Lado ne ke noma gonar yanzu, ita kuma tana da shanu uku da 'yan tumaki. Ba ta kai nono kasuwa, masu saye ne ke biyo ta gida da robobinsu. Lokaci-lokaci mota takan zo ta kai ta gwajin jini, ta kwana ɗaya wurin jikoki, da hantsi ta ce a mai da ita kafin rana ta yi zafi.